Ki Faɗi Sunanki Da Ƙarfi

Illela, ranar Asabar da hantsi.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Sakkwato lafiya, direba bai yi gudun hauka da ku ba, ba a kuma matse ki tsakanin buhun albasa da wata ƙatuwar Hajiya ba. Allah ya tsare hanya, ya tsare masauki, ya tsare ki daga sharrin da ake gani da wanda ba a gani. Ki gaida Gwaggonki Tumba, ki ce mata ƙanenta yana nan, bai yi hankali ba har yanzu.

Na san za ki yi mamaki, kin zura hannu cikin jaka neman kilishi kin ci karo da rubutun tsohonki. Ni ma na yi mamakin kaina. Rabona da dogon rubutu tun ina aji huɗu na firamare, ranar da malaminmu ya dubi littafina ya ce kamar kaji sun yi dambe a kan toka. Har yau kajin ba su sasanta ba, sai ki yi haƙuri. Na yi niyyar rubuta maki da Hausar rediyo, irin ta Kanawa, amma in kin ga Sakkwatanci ya leƙo kada ki kore shi, ɗan gida ne.

Dalilin rubutun kin san shi. Ke ce ɗiyata ta fari, kuma sunan mahaifiyata aka sa maki. Kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Tun da aka haife ki ban taɓa kama sunanki ba, sai dai Uwata, ban kuma taɓa zaunar da ke na yi maki magana mai nauyi ba. In magana ta yi nauyi sai in juya ta zuwa wasa, kowa ya yi dariya, a tashi. Takarda kuwa ba ta da ido, ba ta da kunya, shi ya sa na aiko ta.

Shekaranjiya ina alwala Innarki ta tsaya a kaina ta ce, "Ɗiyakka ta ce in za a zauna shari'ar can Sakkwato, kada ka je." Na ce, "Mi?" Ta ce, "Ka ji ni, kunnuwanka biyu lafiya lau suke." Ta wuce. Uwata, na yi fushi. Na ce a raina, an ɗauke alƙalin da ya fara sauraron ƙararki da tsohon mijinki kan dukan da ya kashe maki kunnen hagu, an mai da magana Sakkwato, an ce a faro daga tushe, wato ki sake tsayawa ki faɗi komai gaban baƙin fuskoki, amma ni uban da na haife ki aka ce in zauna gida kamar tsohon turmi? Na ƙi cin tuwo. Sai da na ji ƙamshin man shanu na ga fushin bai kai nan ba. Ina ci ina tunani, kafin in suɗe kwano na gane gaskiyarki. Shi ne na ce bari in rubuto maki abin da na gane, da ɓarnar da na yi kafin in gane, ko kya tsinci wani abu a ciki. Wanda ya faɗa rijiya shi ya fi kowa sanin zurfinta.

Bari in fara da abin da nake so ki tuna, domin na lura kin manta. Ke mai surutu ce. Kin tuna wani ƙaton rediyo na katako da ya mutu a shagona na bakin kasuwa, mai shi ya ƙi dawowa? Na kwashe kayan cikinsa, ya zama akwati. Kina ƙarama, ko makaranta ba a sa ki ba, kike zura kai ciki ta baya ki ce, "Jama'a, ga labaran duniya. Akuyar Gwaggo ta ci sabulu, tana ta kumfa. Baba ya ƙona yatsa da dalma ya ce wai bai ji zafi ba, alhali ya ji." Ranar Lahadi, ranar kasuwa, Fulanin da suka kawo shanu da mutanen Ƙonni da suka tsallako sayayya sai su cika ƙofar shago suna sauraronki. Wani Bafulatani ya taɓa cewa in sayar masa da rediyon nan, don ya fi nasa faɗin gaskiya. A lokacin kowane makiyayi yana da rediyo a kafaɗa, ni kuma ina jin kaina wani babban likita. Yanzu waya ta kashe kasuwar, sai tsofaffi irina ke kawo gyara, rabinsu ma hira ta kawo su.

Muryar nan gado ce. Kin tuna in na goya ki a keke mu tafi Kalmalo wurin kakarki, tun daga nesa, kafin mu hango ruwa, muke jiyo ta tana ciniki da masunta? Mace ce da in ta yi raɗa a bakin tabki, agwagin tsallake sai su tashi. Babana, Allah ya ji ƙansa, yakan ce shi bai taɓa jin asirin gidansa daga bakin maƙwabta ba, don kullum tare suke ji da su. Ita ke ɗora ki a cinya tana cire maki ƙayar kifi tana cewa, "Takwara, kada ki bari kowa ya rage maki murya." Ina gefe ina dariya. Ban san wasiyya take bari ba.

To, ga kuskurena na farko. Mutumin nan, kin ga sunaye biyu ne ba na kamawa a duniya, naki don girmamawa, nasa don kada in sake alwala. Da ya fara zuwa neman aurenki, ke kika kawo shi, ba wanda ya tilasta ki, amma bincike ai nawa ne. Wane bincike na yi? Ya zo shago ya zauna a benci, na ba shi labarin ranar da jaki ya jefa ni cikin kwata a Araba, ya yi dariya har da hawaye. Labarin da Innarki ta ce in ta sake ji za ta koma gidansu. Na ce a raina, yaron nan yana da fahimta. Na tambayi mutum biyu a tasha, suka ce yana kai kayan babur Ƙonni yana dawowa, ba ya sata, yana salla. Shi ke nan, na ba da ke. Da ma na leƙa na ga yadda yake magana da ƙannensa mata, ko yadda yake yi in an ce masa a'a. Saboda haka Uwata, duk wanda za ki yi hulɗa da shi nan gaba, miji ne ko maigida a wurin aiki ko ƙawa, kada ki auna shi da dariyarsa. Haƙori kowa yana da shi. Ki jira ki ga ranar da aka saɓa masa, ki ga abin da hannunsa ke yi.

Na biyu ya fi nauyi, kuma a sana'ata na yi shi, inda nake taƙama ba a fi ni ba. Da za a kai ki ɗaki, ni ba mai gadon ƙarfe ba ne, sai na zaɓi rediyo mafi kyau a shago, na goge shi, na sa cikin kayanki. Ba a jima ba mutumin ya dawo da shi, lasifika ta yage. Na canza. Aka jima ya sake kawowa, ta sake yagewa. Maigidana da ya koya mani gyara yakan ce, kafin ka taɓa rediyo ka tambayi abin da ya kashe shi, in ba haka ba gobe ma zai dawo. Lasifika ba ta yagewa sai in ana ƙure murya har ƙarshe, kullum. Na san wannan kamar yunwar cikina. Amma abin da na ce masa shi ne, "Kai ɗan nan, kurma ne kai ko biki kuke yi kullum?" Ya yi dariyar nan tasa. Na ji daɗi.

Karo na uku ke kika kawo shi da kanki. Kin ja mayafi har kan goshi, kin tsaya daga bakin ƙofa, kika ce, "Baba, kada ka gyara shi." Na ce, "Mai gyara ya ƙi gyara, to mi za mu ci, Uwata?" Kika ajiye shi a kan benci. Kika sake cewa, "A bar shi nan." Ni kuwa don in burge ki, na nemo lasifika babba, ta wani rediyon mota, wadda ko an ƙure ba ta yagewa, na ɗaura, na aika maki da shi gida. Sai a kotu na ji sauran labarin, daga bakin maƙwabciyarku da ta ba da shaida. Ta ce su a layin, in suka ji rediyon gidanku ya tashi da ƙarfi, sun san an fara. Ta ce da farko sukan jiyo muryarki ta ƙarƙashinsa, daga baya kuwa rediyon ya yi ƙarfi, ba sa jin komai.

Ba na rubuta wannan don ki ce mani ba komai ba ne. Wannan kayana ne, ni zan ɗauka, kada ki taya ni. Na rubuta ne saboda tambayar da lauyansa ya yi ta nanata maki, kuma na san zai sake a Sakkwato: in da gaske ne, me ya hana ki faɗa wa iyayenki tun farko? Na ga yadda tambayar nan ta bi ki har gida, kina wanke-wanke kina maimaita ta a ranki. To ga amsa daga bakin wanda aka faɗa wa. Kin faɗa. Kin tako har shago da ƙafarki kin faɗa, da irin harshen da kunya ta bar wa ɗiya gaban ubanta. Mai kunne biyu ne bai ji ba. Duk ranar da zuciyarki ta ce maki laifinki ne, ki ce mata ta zo Illela bakin kasuwa ta tambayi Mamman mai rediyo, yana da bayani.

Da kika dawo gida da auduga a kunne, aka raba auren, sai na ɗauka magana ta ƙare, saura a warke. Kunne ya daina jini, kumburi ya saɓe, na ce alhamdu lillahi. Ashe abin da ya ji ciwo ba ya nan wurin da likita ya duba. Kin tuna ranar da na kunna labaran rana a tsakar gida, kiɗan buɗe labarai ya tashi, kika saki tiren shinkafa kika shige bayan randa kika toshe kai da hannu? Ke da kike zura kai cikin rediyo kina ba duniya labari. Na lura ba kya zama sai kin jingina da bango, kunnen dama yana fuskantar ƙofa. Na lura in babur irin nasa ya tsaya a waje sai cokali ya tsaya a hannunki. Ni kuma kin san ni, in dariya ta kama ni sai na tafa hannu na bugi cinya, kowane tafi sai kin zabura.

Me likitan rediyon Illela, wato ni, ya yi? Ya ce maganin baƙin ciki dariya. Na bi ki da labarin jaki, na bi ki da kwaikwayon tafiyar Baffanki, na yi ta ce maki, "Haba Uwata, ai ya wuce." Kina murmushi don kada in ji kunya, ni kuma ina cewa magani ya fara aiki. Da na ga abin ya ƙi, na ce ko iska ce, na kawo rubutu da hayaƙi har ɗakin ya koma kamar gidan mai gashin kifi. Innarki ce ta tare ni ta ce, "Malam, ka bar ce mata ya wuce. Gare ka ya wuce. Gare ta, in anka kunna rediyo, yanzu a ka yi." Ban taɓa jin karatu irin wannan ba, kuma daga matar da ko aji ɗaya ba ta yi ba.

Daga nan na koyi dariya ba tafi. Ki gwada ki gani, wahala ce, kamar atishawa baki rufe. Labarai kuma na koma ji a gindin dogonyaron ƙofar gida, rediyo manne da kunne, har mutane suka fara cewa Mamman ya kurumce. Na bar su. Shawarata a nan ita ce, kada ki bari kowa ya ƙayyade maki ranar warkewa, ko ni, ko Gwaggonki, ko ke kanki. Rediyon da ruwa ya shiga, in ka yi gaggawar kunna shi ƙonewa yake yi. Buɗe shi ake a bar shi a inuwa ya sha iska. Kuma likitan nan da lauyarki ta ce akwai a Sakkwato, wanda aikinsa a zauna a yi magana, ki je. Da na ji an ce likitan ƙwaƙwalwa na ce ɗiyata ba mahaukaciya ba ce, wannan ma jahilcin aji huɗu ne. Ki yi addu'arki, ki sha rubutunki in kina so, ki je wurin likita. Ba su faɗa da juna.

Yanzu maganar kotu, inda na tafka babbar. Ranar da za ki fara ba da shaida na ciro babbar rigata ta Salla, na kafa hula, na riga kowa zuwa, na zauna a bencin gaba daidai saitin inda za ki tsaya. Nufina in kin ɗaga kai ki ga ubanki, ki ji ƙarfi. Aka kira ki. Kika fara da kyau, har aka zo inda sai kin faɗi inda ya buga, da abin da ya buga da shi, da abin da yake yi bayan nan. Kika ɗaga kai kika gan ni. Na gyaɗa maki kai, har da ɗan murmushi, wai ƙarfafawa. Bakinki ya motsa, magana ta ƙi fita. Alƙali ya jira, ya sake tambaya, ya jira. Aka ɗage zama. A hanya ina ta cewa zafin ɗakin ne, fankarsu ba ta aiki. Ban yi tunanin cewa yarinyar da ko abinci ba ta sakin jiki ta ci a gabana, ba za ta iya kwance asirin jikinta ina zaune ina kallo ba. Na je in zama bango, na zama murfi.

Da aka zo kan tawa shaidar kuwa, ai kin gani da idonki. Lauyansa ya miƙe ya gyara baƙar rigarsa ya ce, "Malam Mamman, faɗa wa kotu sunan 'yarka." Na ce, "Uwata." Ya ce, "Sunanta na yanka." Na dubi alƙali na ce, "Allah ya gafarta malam, ai yana nan rubuce gabanka, kuma ka fi ni karatu." Kotu ta fashe da dariya, ni kuma wawan, har na ji daɗi an yi dariya. Lauyan ya jira aka yi shiru ya ce, "Uban da ba ya iya faɗin sunan 'yarsa, shi zai gaya mana abin da ke faruwa a ɗakinta?" Na san ya san al'ada, shi ma Bahaushe ne, wataƙila shi ma ba ya kama sunan ɗansa na fari. Aikinsa yake yi. Amma na juya na ga kin sunkuyar da kai, na gane dariyar nan a kanki ta sauka.

Don haka ki riƙe wannan. Lauyan can ba maƙiyinki ba ne, ba kuma alƙalinki ba ne, ɗan kasuwa ne, kayansa tambaya. In ya ce ke maƙaryaciya ce, bai fi dillalin shanu ya ce saniyarka ramammiya ce ba, so yake ka karaya. Kada ki yi masa gaggawa. In ya yi magana ta ɓangaren kunnen da ya mutu, ki ce ya sake, ki juya masa na dama, kotu ma ta ga dalilin zuwanki. Abin da ba ki tuna ba ki ce ba ki tuna ba. Wanda ake duka ba ya duba kalanda. Kada ki cike gurbi don ki faranta wa kowa, nan suke kama mutum. Kada ki dubi inda mutumin yake zaune, ki nemi wani abu a bango ki kafa masa ido. In kuka ya zo ki bar shi ya zo, ki sha ruwa, ki ci gaba. Kuma ki karya kumallo kafin ki fita, ko kunu ne, don na san halinki.

Na kuma san abin da ke biyo bayan kowane zama. Duk ranar da aka dawo daga kotu, ko ba a yi komai ba sai ɗagewa, kwanakin da ke biye ba kya cin abinci, ba kya barci, amai, ciwon kai, kamar a ranar aka yi dukan. Wanda bai gani ba cewa yake yi ai magana ce kawai za ta faɗa. Ni na ga abin da maganar ke ci. Ki gaya wa Gwaggonki tun kafin ranar, don kada ta ɗauka zazzaɓi ne ta cika ki da jiƙo. Ki ce ta bar ki ki kwanta, ta kashe talabijin, ta kuma rage nata bakin in zai yiwu, ko da yake wannan sai addu'a.

Wahalar nan da nake gani ce ta kusa sa ni yin kuskure na ƙarshe. Kin tuna ranar da yayana, Baffanki Alhaji Ladan, ya zo da dattawa biyu daga dangin mutumin da ƙullin goro a gaba? Ya zauna a zaure ya ce, "Mamman, kai kullum wasa. Ka bar ɗiya mace tana tona kanta gaban maza, wa za ya aure ta? Mutanen ga sun ba da haƙuri. A kashe wutar ga, a rufa ma juna asiri." Na ce, "Yaya, asirin wa? Nata ai maƙwabta sun daɗe da sani." Ya ce, "Ka gani ko? Wasa." Gaskiya, Uwata, hannuna ya kusa kai wa goron nan. Ba don su ba. Don na gaji da ganin kina amai bayan kowane zama. Na ce ko in an bari za ki huta. Sai muka ji muryarki daga bayan labule, ba da ƙarfi ba, amma ba rawa a cikinta: "Baffa, shi da rediyo ya rufe mani baki. Ku da goro za ku rufe?" Ɗaya daga dattawan ya fara neman takalminsa. Ni kuwa tsigar jikina ta tashi, don rabona da jin wannan murya tun ana cinikin kifi a Kalmalo.

To ki ji. Shari'ar nan taki ce. Sulhu alheri ne, ban musa ba, amma wanda aka cuta shi ke yafewa, ba a yafewa da bakinsa. In wata rana kin ga nauyin ya fi ƙarfinki kika ce kin ajiye, ba wanda zai ce kin gaza a gabana, ki ajiye ki dawo ko ki zauna can ki ci gaba da koyon ɗinkin da kika fara. In kuwa kin ce sai kin kai ƙarshe, ko Illela duka ta zo da goro, ni zan tare su a zaure, in ba su labarin jaki har su gudu. Abu ɗaya kawai, kada ki jingina lafiyarki da hukunci. Alƙali yana iya ɗaure shi, yana iya sakinsa, mutum ne, da abin da aka kawo gabansa yake aiki. Ko an ɗaure shi, kunnen hagu ba zai dawo ba, kuma babur zai ci gaba da tsayawa a ƙofar gida. Ko an sake shi, ba ki yi ƙarya ba. Abin da za ki je yi shi ne ki faɗa, daga farko har ƙarshe, a ɗakin da doka ta hana kowa ƙure rediyo. Sauran na Allah ne.

Ba zan zo ba. Na yi alkawari. Ba zan laɓe a bayan taga ba, ba zan zauna wurin mai shayin ƙofar kotu da rawani a fuska ba, ko da yake na yi tunanin haka, Innarki ta ce ko cikin buhu aka sa ni tafiyata za ta tona ni. Ranar ina shago. Zan kashe duk rediyon da ke ciki, na gyara da na sayarwa, wanda ya zo ya tarar da shiru ya tambaya, in ce masa yau ɗiyata ke magana.

Saura abu ɗaya. Jiya na hau tsohon kekena na tafi Kalmalo, gwiwoyi suna ta zagina. Ruwan ya ja baya ƙwarai, inda kakarki ke ajiye kwandonta yanzu gonar albasa ce. Na tsaya a nan, na waiga ban ga kowa ba, na ce bari in gwada abin da ya gagare ni gaban alƙali. Na farko a maƙogwaro ya tsaya. Na biyu ya fito kamar kukan ɗan tsako. Na uku na rufe ido na sake shi da ƙarfi, har tsuntsaye suka tashi. Ashe akwai wani tsohon masunci zaune bayan ciyawa yana ɗinkin koma. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kai ba Mamman ba ne, ɗan mai kifi? Wa ka ka kira? Ai ta daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙanta." Na ce, "Amin. Amma wadda ni ka kira tana nan. Sakkwato za ta."

Saboda haka ga shi, da kajina da tokata: Habsatu. Habsatu ɗiyata. In magatakarda ya ce ki faɗi sunanki, kada ki faɗe shi ƙasa-ƙasa. Sunan uwata ne, ita kuwa ba a taɓa ce mata ta sake faɗa ba.

Allah ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya. Allah ya buɗe bakinki, ya sanyaya zuciyarki, ya ba ki barci mai daɗi. Allah ya tsare gabanki da bayanki, da damanki da hagunki, musamman hagun, inda ba kya jin mai tahowa. Innarki tana gaishe ki, ta ce kilishin na Gwaggo ne rabi, kada ki cinye. Wassalamu alaikum.

Ni ne tsohonki,
Mamman mai rediyo.